Inna, Na Ba da Turminki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Aminci da rahamar Allah su lulluɓe ki a makwancinki. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ko da yake na san ba amsa zan ji ba. Ni ce Saratu, autarki, daga Gummi. Maigidana Malam Sani yana nan lafiya, yana ta fama da ɗinkinsa. Jikarki Ummi, mai sunanki, ita ce ba lafiya, kuma maganarta ce ta zaunar da ni rubutun nan.

Gubar dalma aka samu a jininta, Inna. E, ita dai, wadda kika sani, wadda ta yi ta ɗauke mana yara a Yargalma shekarar zinariya, lokacin ina makarantar kwana sai hutu nake zuwa gida. Na san abin da za ki fara cewa, don ni ma shi na ce: me ya haɗa 'yar tela, haifaffiyar Gummi, da ƙasar zinariya? Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali. Matan da suke bin hotunan kek ɗina a waya sun dame ni da tambayar abin da ya sa na yi shiru. Su ma su leƙo su karanta, ba ni da abin ɓoyewa.

Kin san farkon cakulan a danginmu. Shekarar da na yi aure wata maƙwabciyata ta koya mini gasa kek ba tare da injin gashi ba. A zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora ta a kan gawayi, a shafa wa gwangwanayen madara mai a cika su da kwaɓi mai garin cakulan, a jera a kan yashin, a rufe, a zuba garwashi a bisa murfi. Na farkon da na kawo miki Yargalma, kika juya shi a hannu, kika shinshina, kika ce, "Wanga baƙin abu awa ƙanzon tuwo, shi anka kai ki birni ki koyo?" Kika ɗan gutsura don kada in ji kunya. Kafin la'asar na tarar kin tura sauran cikin ƙwaryar goronki kin rufe da faifai, kada jikoki su gani.

Daga nan ban sake zuwa gida hannu rabbana ba. Kina zagin baƙin abu kina miƙo hannu.

Kin rasu Ummi tana goye, ba ta ko fara rarrafe ba. Bayan an daɗe da share makoki, sai Yafendo Kulu, ƙanwarki da ke Nasarawar Burkullu, ta aiko mini da saƙo a bayan motar kasuwa, an ɗaure shi da igiya cikin tsohon buhu. Ina kwancewa na ga turminki da taɓaryarsa. Direban ya ce Yafendo ta ce wasiyyarki ce, a kawo wa Saratu. Na zauna a tsakar gida na rungume turmi ina kuka, har matan gidan suka fito suna tambayar wa ya mutu kuma. Ya ɗan ɗarsu a raina, me turminki yake yi a Nasarawa ba a ɗakinki ba? Ban bi ta kai ba. Murna ta hana ni tambaya.

Ai kin san shi. Turmin ƙirya, baƙi wuluk saboda tsufa, mai nauyin da sai mutum biyu. Da shi aka kai ki ɗakin miji, kuma kafin ke na mahaifiyarki ne. A cikinsa kika yi mana duk dakuwar da muka ci muna yara.

To ni kuma da ba na rasa ƙirƙira, sai na ce me zai hana in haɗa naki da nawa? Na soya gyada na murje, na zuba a turmin da sukari da madarar gari da garin cakulan da ɗan kanumfari, na yi ta daka har mai ya fito, na dunƙula ƙanana-ƙanana. Dakuwar cakulan ke nan. Inna, da kina raye da kin zage ta kin cinye. Malam Sani da ba ya cin zaƙi sai ga shi yana zura hannu a kwano in ya ga na juya baya. Ranar Juma'a in 'ya'yan 'yan'uwansa suka taru a gidan, kek a tire, dakuwa a kwano, ni kuma ina ta hura hanci kamar ni na ƙirƙiro sukari.

Na lura gindin turmin ya yi kaushi, ya yi 'yan ramuka, ba kamar yadda na san shi sumul ba. Na ce tsufa ne. Har yabonsa nake yi, don kaushin nan yana sa gyada ta yi laushi nan da nan. Kuma ban taɓa sa masa ruwa ba, saboda na riƙe maganarki: "Ba a yi ma turmin dakuwa wanka, share shi akai, man da yas sha shi na daɗinai." Sai in goge shi da tsumma in kife.

Kafin in goge kuwa, akwai mai rabo. Tun da Ummi ta iya tsayuwa, duk ranar daka tana nan riƙe da bakin turmi da ƙaramin cokalinta. Abin da ya manne a gindi nata ne. Takan zura kai har kafaɗa ta kankare shi tas, ta fito fuska duk baƙi, mu yi ta dariya. Na ɗauki hotonta a haka ya fi a ƙirga.

Ba ki san bakin Ummi ba, Inna, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yarinyar nan aku ce. Tun ba ta cika shekara uku ba take kwaikwayon mai tallar nono, take gaishe da kaji ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ta raɗa musu, take biya Fatiha tana cinye rabin kalmomin. In ta fara ba da labari sai ubanta ya ce a kawo masa auduga ya toshe kunne.

Sai ta fara kukan ciki. Ta daina cin tuwo, ta daina shan kunu, dakuwa kaɗai take karɓa. Ta zama mai fushi, abu kaɗan ta kwanta a ƙasa tana birgima. Muka yi maganin zazzaɓi, muka yi na tsutsar ciki, Hajiya uwar Malam ta kawo rubutu da turaren hayaƙi. Ana cikin haka na lura surutun ya ragu. Kaji suka wuce ba ta gaishe su ba. In ta so ruwa sai ta nuna randa da hannu.

Wata safiya ina shara ta faɗi a bakin ƙofa. Jikinta ya sandare, idanu suka juye, hannu da ƙafa suna karkarwa. Matan gida suka yo kaina suna salati, wata na cewa iska ce, wata na neman cokali. Ni kuwa nan take na gane, don na taɓa ganin wannan jijjigar. Haka ɗan Yaya Bello ya yi a kan tabarmarki, wani hutu da na zo gida, kuma bai kai ƙarshen hutun ba.

Na ce wa Malam Sani asibitin Anka za mu, wurin masu auna jini. Ya ce me ya haɗa mu da dalma, ya kuma tuna mini halin da hanyar take ciki na 'yan bindiga, yadda mota takan tashi kowa ya yi shiru yana jan carbi har a isa. Na ce ko ya raka ni ko in goya ta in tafi ni kaɗai. Kin san bakina in na kafe. Ya rufe shago ya biyo mu.

A can wata malamar asibiti ta ɗebi jinin Ummi. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta fara tambaya. Wa yake haƙar zinariya a gidanku? Babu. Wa yake niƙa dutse, wa yake wanke ƙasa? Babu. Kun zauna a Bagega ko wani ƙauyen haƙa? Na ce ni 'yar Yargalma ce, amma yarinyar sau ɗaya ta taɓa zuwa, tana goye, ranar jana'izarki. Malamar ta dube ni irin kallon wadda ta saba jin mutane suna ɓoye gaskiya. Ban ga laifinta ba. Ta ce dalmar da ke jinin nan ba ta kwana ɗaya ba ce, wani abu ne yarinyar take ci ko take shaƙa kullum.

Aka ba mu magani, ƙwayoyi masu kwanso, a ciki akwai 'yan tsaba farare. Warinsa, Inna, ruɓaɓɓen ƙwai. Ummi tana jin an buɗe kwalbar za ta datse haƙora. Muka danne ta ni da ubanta, ta amayar. Muka sa a kunu, ta ture kofin. Malamar ta ce in buɗe kwanson in zuba tsabar a wani abu mai zaƙi da take so, kada dai ya zama mai zafi.

Nan fa na ji kaina ya kumbura. Wa ya fi ni abu mai zaƙi? Na daka dakuwar cakulan sabuwa, na huda ta da babban yatsa, na juye tsabar maganin a ramin, na toshe, na mulmula. Cakulan ya danne warin, gyada ta ɓoye tsabar. Ummi ta buɗe baki ta haɗiye har tana neman ƙari. Na yi hamdala, na ce ga ranar sana'ata. Har hoto na ɗauka na sa a waya, ina ba mata shawara yadda za su yi wa yara masu ƙin magani dabara. Daga ranar na mayar da daka ta kullum, don kada ta kwana ta canza ɗanɗano yarinyar ta gane.

Da muka koma awo, adadin dalmar da ke jininta ya ɗan sauka. Da muka sake komawa, ya hau ya wuce na farko.

Malamar ta cire tabarau ta aje. Ta ce maganin yana aikinsa, yana fitar da gubar, amma akwai abin da yake mayar da ita, kamar mai kwashe ruwa a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Ta ce in ba a gano ƙofar ba, jijjigar za ta dawo, kuma kowace dawowa tana tafiya da wani abu a ƙwaƙwalwar yaro. Ban tambaye ta ƙarshen abin ba. Ni 'yar Yargalma ce, na san ƙarshensa.

Muka dawo Gummi muka hau gidan da bincike. Na zubar da kwallina da na Ummi. Muka daina shan ruwan rijiyar gida. Malam Sani ya tuna yana da masu kawo ɗinki daga wajen Bagega, sai ya koma canza kaya a shago, ya yi wanka kafin ya taɓa 'yarsa. Sannan zarginsa ya faɗa kan yashin tukunyar kek ɗina. Ya ce wa ya san daga ina masu amalanke suke ɗebo shi? Ran nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ɗauki tukunyar ya juye yashin a bayan gari, ya ce ba a sake gasa kek a gidansa. Na yi kuka, amma can cikin raina na ji sauƙi, na ce to an kama ɓarawon. Dakuwa kuwa ba wanda ya dube ta. Ita ce mai kai magani, wa zai zarge ta?

Hajiya ma ba ta bar ni ba. Ba ta faɗa a gabana ba, amma ta faɗa inda zan ji: "Ba shakka ga nono tas sha shi, ai uwatta a ƙasaz zinariya tat tashi." Na haɗiye. Na je na miƙa hannu aka auna nawa jinin. Akwai kaɗan, amma ba abin da zai kai yarinya ga wannan hali ba, kuma an daɗe da yaye ta. Na aje takardar a inda Hajiya za ta gani.

Kullum da safe ina daka. Ummi ba ta da ƙarfin tsayuwa sosai, sai in kankaro mata na gindin da kaina in ba ta a baki, don in ga ta ci wani abu.

Jijjiga ta biyu ta fi ta farko tsawo. Da ta lafa, Ummi ta dube ni kamar baƙuwa. Aka kwantar da mu a Anka. Kafin mu tashi, duk da ruɗewar da nake ciki, sai da na tsaya na cika roba da dakuwa, kada a je a rasa abin ba ta magani.

Muna kwance Yafendo Kulu ta zo dubiya. Ta tsufa, Inna, tafiya da sanda, amma ta shigo motar kasuwa ta biyo hanyar nan saboda jikarki. Ta iske ni da hantsi ina huda dakuwa ina zuba magani. Ta ce in ba ta ta ɗanɗana abin da ake ta labari. Ta gutsura, ta lumshe ido, ta ce rabonta da dakuwa mai laushi haka tun ta yayarta, wane injin ne yake niƙa mini? Na yi dariya, dariyar farko a kwanakin nan, na ce wane irin inji, ai turmin yayar taki ne.

Ta daina tauna. Ta tofar da abin da ke bakinta a tafin hannu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba.

"Cikin turmin ga kika daka? Innalillahi. Ajiya anka ce ki yi, ɗiyata, ajiya! Wa ka daka yanzu ga inji ko'ina?"

A bakin gadon ta ba ni labarin da kowa ya sani ban da ni. Farkon zinariya, kafin injinan niƙa su iso ƙauye, su Yaya Bello a gida suke farfasa dutse, kuma turminki suka ɗauka don ya fi na kowa ƙarfi. Kaushin da nake yabo, dutse ne ya ci shi. Da yara suka yi ta mutuwa, ma'aikata suka zo suna kankare ƙasar gidaje suna kwashewa, suna tattara duk turmi da buhu da tabarmar da dutsen ya taɓa. Ke kuwa kika sa aka ɗora naki a amalanke, aka rufe da karan dawa, aka kai Nasarawa. Kika ce wa Yafendo, "Turmin uwata na, ba ni bari a gina mishi rame." Yafendo ta tura shi ɗakin tarkace, ba ta taɓa daka ko barkono a ciki ba. Da ciwonki ya yi tsanani kika ce a ba Saratu ta aje. Yafendo ta ɗauka na sani. Ni kuma ina makaranta lokacin da aka yi dakan dutsen da ɓoye turmin.

Tana magana, dakuwar tana hannuna, na riga na toshe ta da magani a ciki. Ummi ta ganta. Ta buɗe baki tana jira, kamar yadda na koya mata. Na dunƙule hannuna, ta fara kuka tana jan yatsuna, na ƙi buɗewa.

Inna, zan faɗa miki gaskiya, don ba ki haife ni in yi miki ƙarya ba. Na ji haushinki. Haushin da ban taɓa ji a kan wani mai rai ba, na ji shi a kanki kina kabari. Ke da kika yi wa ɗan Yaya Bello wankan gawa da hannunki. Ke da kika ga abin da dutsen nan ya yi. Itace fa, Inna! Guntun itace! Kuma ko da kika ɓoye shi, me ya hana ki buɗe baki ki gaya mini, duk zuwan da nake yi ina zama a gefenki kina cin kek? Tun daga ranar, in na idar da salla na ɗaga hannu, sai in roƙa wa Ummi, in roƙa wa ubanta, in zo kanki bakina ya ƙi. Ni da ban taɓa sallame salla ban ambace ki ba.

Na gaya wa malamar labarin turmin, ta karɓi robar dakuwa ba ta zarge ni ba, kuma na gode mata da wannan. Aka koma ba Ummi magani da zuma, da kokawa, da kuka, rabi ya shiga rabi ya zube. Da aka sallame mu, ta biyo mu Gummi ita da wani abokin aikinta mai ɗauke da na'urar da ake ɗora wa abu ta nuna ko akwai dalma. Ya ɗora a ƙasar tsakar gida, babu. A bango, babu. A tukunyar kek da ɗan yashin da ya rage a gindinta, babu. Malam Sani ya sunkuyar da kai. Sannan aka juyo turmin aka zura na'urar a ciki. Mutumin ya dubi abin da ta nuna, ya ce a matsar da yara nesa da turmin.

Suka ce ba ya wankuwa, ya shiga cikin naman itacen. Ba a kuma ƙona shi, hayaƙin ma guba ne. Za su naɗe shi su kai inda ake binne irin wannan ƙasa. Suka sa safar hannu, suka naɗe shi da leda mai kauri, suka ɗaure. Matan gida sun yi cirko-cirko a bakin ƙofofinsu. Sai malamar ta waiwayo ta tambaye ni ina taɓaryar.

Taɓaryar tana ƙarƙashin gadona. Ni na tura ta can da safiyar ranar, kafin su iso. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na ɗauke ta ne zan jingina kusa da turmin, sai hannuna ya faɗa daidai tsakiyarta, inda ta sirance ta yi santsi saboda riƙonki. Yatsuna suka zauna a gurbin naki. Na ce a raina ai ba daka zan yi da ita ba, ajiya kawai zan yi. Wa zai sani?

Malamar tana jira. Malam Sani yana kallona. Ummi tana kafaɗarsa, kanta ya langaɓe, bakinta a buɗe ba magana. Kuma duk da haka, Inna, sai da na yi jim. Ina ganin 'yata a haka, na san komai, na ji da kunnena, na gani a na'ura, amma sai da ƙarya ta zo har bakina: ta karye, na daɗe da yar da ita.

Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo ta. Na miƙa musu da hannu biyu. Aka naɗe ta ita ma aka sa a mota.

A durƙushen nan haushinki ya sake ni. Ni da na yi makaranta, ni da ake nuna mini adadi a takarda, ga abin da na kusa yi saboda gurbin yatsunki. Ke kuwa uwarki ta rasu kina amarya, ba hotonta, ba muryarta a waya, ba abin da ta bar miki sai turmin nan, ga baƙi sun zo da shebur suna cewa a kawo a binne. Ban ce kin yi daidai ba. Ba ki yi ba. Amma na san yadda hannu yake yi kafin hankali ya iso. Da la'asar ɗin ranar na ɗaga hannu, sunanki ya fito da kansa.

An auna sauran yaran gidan. Akwai 'yar alama a jinin biyu daga ciki, ba ta kai ta magani ba, don su sai Juma'a suke ci. Na bi ɗaki-ɗaki na gaya wa iyayensu da bakina, ban jira su ji a wani wuri ba. Wata ta rungume ni, wata har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Hajiya ta aiko mini da zuma kwalba guda ba tare da saƙon komai ba. Malam Sani ya je da kansa ya samo yashi mai tsabta, ya kai aka duba, ya zuba a tukunyar ya aje mini a madafa. Ban gasa komai ba tukuna. Hannuna bai yarda ba.

Jiya muka dawo daga Anka. Adadin ya sauka, Inna, kuma wannan ne awo na biyu a jere da ya sauka bai sake hawa ba. Jijjigar ba ta dawo ba. Tana cin tuwo, ta fara bin yara a tsakar gida. Malamar ta ce an toshe ƙofar, ran yarinya ya kuɓuta da yardar Allah. Na kife kaina a teburinta na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Sannan na tambaye ta bakin fa? Ta ce wani abu yakan dawo a hankali, in ana yi mata magana, ana wasa da ita, ana haƙuri. Wani kuma ba ya dawowa, kuma ba wanda zai iya gaya mini yanzu wanne ne wanne. Sai ta shiga makaranta za a gani.

Kalmomin Ummi a yau ba su cika hannu biyu ba. Tana cewa ruwa, tana cewa Baba, tana cewa a'a. Ni ba ta kira ni ba tukuna, sai dai ta ja zanena. Ina zaunar da ita a cinya in yi ta zuba mata surutu kamar rediyo, tana kallon bakina. Wani lokaci leɓenta yakan motsa.

In Allah Ya raya ta, wata rana za ta ga 'yan ajinsu sun wuce ta, ta dawo gida ta tambaye ni me ya same ta. Na yi ta tunanin abin da zan ce. Zan iya cewa zinariya ce, in yi shiru, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma zan gaya mata duka. Zan ce kakarki ta so uwarta har ta kasa rabuwa da turminta. Ni kuma na so tawa uwar, na so ki, na daka miki abin da kika fi so a duniya, na ba ki a baki da hannuna kullum safiya.

Na yafe miki, Inna, duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini kwanakin da na hana ki addu'ata. Ya Allah Ka gafarta wa mahaifiyata, Ka yalwata kabarinta, kada Ka kama ta da abin da ba ta nufa ba. Ka yi rahama ga yaran da suka riga mu. Ka wanke jinin Ummi, Ka kwance harshenta, Ka mayar mata da abin da aka ɗauke. In kuma Ka ƙaddara ba zai dawo duka ba, Ka ba ni tsawon rai da haƙurin da zan tsaya mata, Ka sa ranar da ta ji labarin nan ta iya yafe mana mu biyu. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Saratu, Gummi.